Kwalbar Ammo Tanyus

Litinin, 3 ga Satumba

Na karɓi makulli. Ammo Tanyus, mai ginin (Ammo a nan kamar Baffa ne), sai da ya juya shi a tafin hannunsa ya sake juyawa kafin ya sakar min. Shagon askinsa ne tun yana saurayi, bai rufe ba sai da hannu ya fara rawa. Yana zaune a hawa na uku, shi kaɗai.

Babu takarda yanzu, in ji shi. In zauna zuwa idin waliyyiya Barbara, huɗu ga Disamba. Idan abin da na mayar da wurin ya kwanta masa, mu sa hannu na shekara biyar. Idan bai kwanta masa ba, akwai wani mai sayar da waya da ke jira. Na ce Ammo, me zai sa ya kwanta maka? Ya ce idan ya gani zai sani.

To madalla. Shekara da shekaru ina haɗa wa mutane giya a otal-otal na wasu, daga Iskandariyya zuwa Sharm zuwa Kubrus. Duk abin da na tara na zo na zuba shi a ɗaki ɗaya a Bairut, garin da ban san kowa ba, kuma hukuncin yana hannun tsohon da zai sani idan ya gani. Dimyana, ke dai ba kya jin magana.

Alhamis, 6 ga Satumba

Shara. Gashin mutanen da suka mutu tun tuni har yanzu yana bayan kabad.

Zan bar madubin, zan bar kujerar askin a lungu, allon waje ma zan bar shi yadda yake, Salon Tanyus. Ba don tausayi ba, sabon allo tsada gare shi, kuma wannan ya fi kyau.

Ina goge ƙofa sai ga kwando ya sauko daga sama da igiya ya tsaya daidai kaina. Hagob mai gashin burodi na kusa da ni ya fito, ya zuba burodi biyu masu za'atar, wato barbaɗen ganyen ƙamshi da riɗi, ya ja igiyar sau ɗaya, kwando ya koma. Haka Ammo yake cefane. A unguwarmu ma tsofaffi suna yi, amma su suna leƙowa su yi ihu su zagi farashi. Shi ko kansa ba a gani.

Hagob Ba'armene ne, ƙato, gari har a girarsa. Ya leƙo ya ce, “Ke ce 'yar Masar mai mashaya? Allah ya ba ki haƙuri, titin nan mashaya uku ya cinye.” Na ce ni zan tsaya masa a wuya. Ya yi dariya ya aiko min da burodi.

Lahadi, 9 ga Satumba

Wuta ta gwamnati, wuta ta mai janareta, tsakaninsu ƙanƙarata ta narke sau biyu.

Laraba, 12 ga Satumba

Abanub ya kira. Ƙanina ne amma tunda Mama ta rasu ya ɗauki kansa uba. Wai ɗakina na gidanmu yana nan a kulle, yana zuwa yana buɗe taga duk Juma'a. Wai mace mai shekara arba'in da ɗaya a bayan kanta a garin mutane, me zai ce wa 'yan coci. Na ce ka ce musu ina zuba wa masu ƙishirwa ruwa.

Na sake faɗa masa abin da na faɗa tun farko: shekara biyu, in tayar da wurin, in sayar, in dawo. Ko shekara biyar ɗin Ammo don in samu abin sayarwa ne.

Juma'a, 21 ga Satumba

An buɗe.

Mutum na farko da ya shigo aski ya zo yi. Na biyu ma. Na biyun na zaunar da shi na ba shi ruwan sanyi, ya tashi da kofi biyu a cikinsa, gashinsa yana nan yadda ya zo da shi.

Dokokina, don kar in manta ranar da na gaji. Duk wanda ya shigo, ruwa da ɗan farantin karas da lemun tsami su riga tambaya isa gabansa. Kiɗa kar ya fi murya. Wanda ba ya shan giya a haɗa masa nasa da kulawa iri ɗaya, a kofi mai kyau iri ɗaya, kar a bar shi da lemun kwalba kamar yaro. Mace idan ta zo ita kaɗai, kujerar kusa da ni tata ce.

Mutanen garin nan suna ba ni mamaki. Suna gaisuwa da harshe uku a numfashi ɗaya. Kafin su tambayi sunanka sai sun tambayi ƙauyenku, daga nan su gane cocinka ko masallacinka da wanda kakanka ya zaɓa. Ni da na ce Iskandariyya sai lissafin ya tsaya musu, su koma yi min kwaikwayon maganar finafinan Masar. Duk daren yau an kira ni da sunan 'yan wasa uku.

Ammo bai sauko ba.

Talata, 25 ga Satumba

Ya sauko, amma da la'asar, kafin in buɗe. Da kwat da hula, ya aske fes, ban san yadda yake yi da wannan hannun ba. Ya zauna a kujerar askin ya juya ta yana kallona ta madubi ina yanka lemu.

Na dafa masa gahawa. Ya tambayi sunan kowane ƙarfe da ke kan kanta. Gwangwanin girgiza ya fi ɗaure masa kai. “Me abin ya yi miki kike jijjiga shi haka?” Na ce sanyi nake sa masa da iska. Ya ce shi bai taɓa jin giyar da ta nemi iska ba.

Da mutum na farko ya turo ƙofa sai ya miƙe ya tafi.

Juma'a, 28 ga Satumba

Kullum yanzu. La'asar, gahawa, madubi. Ba ya magana a kan iyali. Akwai hoton yaro da rigar makaranta a maƙale a gefen madubin, na bar shi don ban san ko na wane ne ba. Yana zama ta yadda hoton zai faɗo a bayansa. Ina so in tambaya, bakina yana ƙaiƙayi, na dai daure.

Litinin, 1 ga Oktoba

Yau da abin mamaki. Hagob ya shigo yana haki, rungume da wata ƙatuwar kwalba mai rigar saƙar kaba, Ammo yana bayansa yana cewa a hankali, a hankali, ba buhun gari ba ne. Aka ajiye ta a kan kanta. Bakin an toshe shi da kakin zuma, ƙura ta yi masa hula.

Arak ne, giyar inabi ta mutanen nan, na ƙauyen su Ammo a kan dutse, shi ya dafa da hannunsa. Ya fasa kakin da tsohuwar askarsa ya ce in sansana. Ni na san arak na kanti, mai ƙamshin maganin tari. Wannan daban. Yansun ɗin, ƙwayar ƙamshin da ake dafa shi da ita, ya kwanta, akwai wani abu a ƙasansa kamar busasshen ɓaure. Na ɗiga a harshe, sai da na dafa kanta.

“Wannan na gidan nan ne,” ya ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Hagob yana ta kallon tsohon, wani irin kallo, ya buɗe baki ya rufe ya koma wurin tanderunsa. Ammo ya zauna ya ɗan jima fiye da kullum, yana kallon teburin da ke gefen taga. Na ƙara masa gahawa.

Na san abin da zan yi. A sana'armu babu girman da ya wuce a haɗa wa mutum kofi da sunansa. Ni kaina ba a taɓa yi min ba.

Laraba, 3 ga Oktoba

Gwaji. Da lemun tsami kaɗai, ya yi faɗa. Da kokwamba, ya yi sanyin jiki. Da ruwan rumman, na'ana'a, ɗan zuma, a girgiza sosai, a zuba a dogon kofi: ya zauna. Launinsa ja mai hazo. Na sha rabi a tsaye na yi wa kaina tafi.

Sunansa Tanyus. Ba zan nuna masa ba tukuna sai ya karɓu, in ce ga sunanka a bakin mutane. Ina ɗura arak ɗin a ƙananan kwalabe da safe, babbar tana nan kan kanta da rigarta.

Asabar, 13 ga Oktoba

Tanyus ya tashi. Wata Lamya, nas ce a asibitin da ke sama da mu, tana zuwa ita kaɗai bayan aiki ta cire takalmi a ƙarƙashin kanta, ita ta fara kawo ƙawayenta. Suka ɗauki hoto suka watsa. Jiya wasu samari sun zo daga wancan ɓangaren gari musamman dominsa. Jin ana cewa a ba mu Tanyus uku yana sa ni dariya ni kaɗai.

Shi kuwa mai sunan, kullum idan ya zo sai ya dubi kwalbar, ya dubi teburin taga, ya dube ni. Ranar Alhamis ya ce, “Hagob yana da cuku mai kyau. Zaitun kuma sabo ya shigo.” Na ce to, na gode, zan saya wa baƙi. Me yake nufi ne? Tsofaffin garin nan ba sa faɗar magana ta miƙe.

Alhamis, 25 ga Oktoba



Na roƙe shi ya tsaya yau har a buɗe, ina da abin da zan nuna masa. Ya tsaya. Har ya gyara wuyan riga. Da na ce abin ya shafi kwalbar sai fuskarsa ta washe, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai yau. Ya tashi daga kujerar aski ya koma teburin taga da kansa, ya cire hula ya ajiye.

Lamya da ƙawayenta suka shigo. Na ɗauko gwangwani, na zuba, na girgiza da salo har da juyi. Na kai masa dogon kofi da tsinken tsotso da ganyen na'ana'a a kai, na ce, “Ammo, ga ka.” Na nuna masa allon da sunansa. 'Yan matan suka yi tafi, ɗaya ta ce ashe kai ne Tanyus, wallahi kana da daɗi.

Bai taɓa kofin ba. Ya ce mene ne a ciki. Na lissafa. Ya ce, “Sayarwa kike yi?” Na ce ai ya fi komai tafiya.

Ya tashi ya je kanta ya kama wuyan kwalbar da hannu ɗaya. Ranar da aka kawo ta Hagob ne yake nishi. Yau ta taso masa ba wuya, ɗan abin da ya rage ya yi ƙara a ƙasa. Ya ajiye ta a hankali. Ya ɗauki hularsa.

A bakin ƙofa ya ce, “Rumman.” Shi ke nan, ya hau sama.

Na yi aikin daren. Ban san me na zuba wa kowa ba.

Juma'a, 26 ga Oktoba

Bai sauko ba. Na dafa gahawar na zubar.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Na tare Hagob bayan ya kashe tanderu. Da farko ya ce ba ruwansa. Na ce ruwanka ne, kai ka ɗauko ta, ka ga ina sayarwa ba ka ce uffan ba. Ya rantse bai sani ba, shi da magariba yake kwanciya, ya ɗauka Tanyus ɗin da ake ta faɗa sunan shago ne.

Yaron hoton Rukoz ne, ɗansa tilo. A ƙauyensu idan aka haifi namiji uba yana dafa arak a kakar shekarar, ya rufe, ba a buɗewa sai ranar auren yaron. Wannan ita ce. Ta haura shekara talatin tana jira, ta ga yaƙi, an gudu da ita gida biyu, matarsa ta rasu ta bar ta a ƙarƙashin gado. Rukoz yana aiki a Abijan. A bazarar nan ya yi aure a Kubrus, a ofis, shi da yarinyar da shaidu biyu, ya kira uban bayan an gama.

Na ce to me ya sa ya ba ni? Hagob ya dube ni kamar na tambayi me ya sa ake sa gishiri a ƙullu. Wai ba a shan arak mutum ɗaya. Sai an shimfiɗa tebur, zaitun, cuku, tumatir, ƙananan kofuna, wani ya zuba maka kai ma ka zuba masa, a yi ta hira har rana ta faɗi. Ba a haɗa shi da komai sai ruwa. Na gida kuma ba a sayar da shi, ko ga sarki. “Ya kasa shanta shi kaɗai, ya kasa kallonta. Ya kawo inda yake zama. Wata guda yana jira ki sa masa tebur, 'yar Masar.”

Cuku mai kyau, zaitun sabo. Ni kuma na ce zan saya wa baƙi.

Na ji kunya, kunyar da ban ji irinta ba tun ina yarinya. Na kuma ji haushi, don da ya buɗe baki ya faɗa da ba a kai nan ba. Na goge sunan daga allo.

Talata, 30 ga Oktoba

Da kwando ya sauko na riga Hagob, na sa kwalbar wiski mafi tsada da nake da ita. Ya hau. Ya sauko da ita ko takardar da na naɗe ta ba a taɓa ba.

Asabar, 3 ga Nuwamba

Na dafa mulukiyya, miyar lalo irin ta Mama, na sa a kwando. Farantin ya dawo a wanke, fayau, babu ko ƙwayar alewa a ciki. A nan da can duk ɗaya ne, ba a mayar wa maƙwabci faranti haka sai da magana. Amma dai ya ci. Ko ya zubar? Hagob ya ce ya ji ƙarar cokali, ban san ta yaya ake jin cokali daga hawa na uku ba.

Mai sayar da wayar ya zo da rana, ya tsaya a waje yana auna faɗin ƙofata da ido. Na fito na ce aski ko giya? Ya wuce.

Saura wata guda. Na kwanta ina lissafin yadda kanta za ta fita ta wannan ƙofar, sai na tuna a ciki aka haɗa ta.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Abin da ya rage bai fi kwalba ɗaya ta kanti ba. Ban taɓa shan sa yadda su suke sha ba, ni da nake kiran kaina gwana. Na sa Hagob ya nuna min. Ƙaramin kofi. Arak kashi ɗaya, ruwa kashi biyu, sai ya rikiɗe ya zama fari kamar madara a gaban idonka. Ƙanƙara daga ƙarshe. Idan ta riga ruwa shiga, man yansun ya daskare ya taso sama, an ɓata. Kuma kowane zubi da sabon kofi.

Na tambayi dalilin farin, Hagob ya ce haka Allah ya yi shi. Na sha. Babu abin da rummana ya ƙara masa, rufe shi kawai na yi.

Hagob yana suɗe kofi ya ce, “Ban haƙuri ba ya saukar da Tanyus. Shekara talatin ina ba shi haƙuri. Abu ɗaya ne ba ya iya gani ya yi shiru, a yi aiki ba daidai ba.” Wai ya taɓa tsallaka titi ya ƙwace almakashi a hannun wani wanzami.

Ina ta tunani.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

La'asar. Na fitar da teburin taga waje, daidai ƙarƙashin barandarsa. Zaitun, cuku, tumatir, kujera biyu. Na ɗauko arak na kanti, ba nasa ba, ban haukace ba. Na cika babban kofin shayi da ƙanƙara, na kwarara arak a kai ina ƙara da cokali yadda za a ji.

Labule ya motsa. Shi ke nan.

Juma'a, 9 ga Nuwamba

Na maimaita. Na ƙara da tsinken tsotso. An rufe taga da ƙarfi.

Litinin, 12 ga Nuwamba

Yau na fito da babbar kwalbar Ammo na dasa a kan tebur. Idan bai sauko ba ban san inda zan tsaya ba. Na zuba ƙanƙara a kofi. Na cire murfi. Na karkata ta.

“Ke!”

Duk titin ya ɗaga kai. Yana riƙe da ƙarfen baranda, da singileti, ba hula. “Ajiye. Ajiye na ce. Kar ki motsa.”

Ban motsa ba. Na ji takunsa hawa bayan hawa, ya daɗe, ya fito da kwat a kan singiletin. Ya watsar da ƙanƙarar a kwata. Ya ce ina ƙananan kofuna, ko su ma na girgiza su sun fashe. Na kawo. Hannunsa yana rawa, bakin kwalba yana buga kofi, na kai hannu zan taimaka ya harare ni. Sai can ya ce, “Riƙe min gindin.” Na riƙe, shi ya zuba. Ruwa. Ya yi fari. Ƙanƙara ɗaya.

Ya tura min nawa. Ya ce ba a kurɓa sai an ci wani abu, ba a kuma shanyewa kamar mai gudun 'yan sanda.

Na ce Ammo, ka yafe min, ban sani ba. Ya ce ya san ban sani ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan, babu wanda zai zaga. Hagob ya zo da burodi mai zafi ya ja kujera ba a gayyace shi ba.

A kofi na biyu ya ce mutum nawa suka sha. Na ce da yawa, ɗari ko fiye. Ya juya zaitun a baki. “Sun ji daɗinsa?” Na ce har daga wancan ɓangaren gari ake zuwa. Ya ce ɗari. Ya ce ko da an yi bikin a ƙauye, da wuya a samu ɗari, duk sun watse.

Bai ƙara ba. Ni na shiga ciki na ce zan duba ƙanƙara.

Maganar shago ko kusa bai taɓo ba.

Alhamis, 15 ga Nuwamba

Tebur kullum da la'asar yanzu, sanyi ya mayar da mu ciki. Kofi ɗaya ɗaya, muna ja wa ragowar rai. Lamya ta zo da wuri ta same mu, ya ba ta kujera, ya koya mata zubi, ya yi mata faɗa a kan takalmi. Wasu tsofaffi biyu da yake yi wa aski a da sun gan shi ta taga sun shigo. Ban san me zan rubuta musu a takardar kuɗi ba, sun zo da nasu arak ɗin a aljihu.

Yana kirana 'yata idan ya manta, 'yar Masar idan ya tuna.

Lahadi, 25 ga Nuwamba

Ƙauye. Shi ya ce in rufe shago in zo in ga yadda ake yin abin da na lalata. Hagob ya tuƙa mu a motar burodi, hanya tana ta nannaɗewa har kunnena ya toshe.

Tun rasuwar matarsa bai kunna wuta a ƙarƙashin tukunyarsa ba. Ta jan ƙarfe ce, mai dogon wuya, a ɗakin ƙasa. Ɗan ƙaninsa ya riga ya yi dahuwa biyu, saura ta uku, wadda ake zuba yansun. Aka liƙe bakin da ƙullu. Wuta kaɗan kaɗan, idan ta yi yawa ya yi ihu, idan ta ragu ya yi ihu. Ni aka ba aikin sauya ruwan sanyaya, na yi ta jigila da bokiti har kafaɗata ta mutu.

Ɗigon farko zubarwa ake yi. Na tambayi dalili, ya ce yana makantar da mutum. Na tambayi yadda yake gane inda mai kyau ya fara da inda ya ƙare, ya shafa a bayan hannuna ya ce in sansana, ya sake shafawa bayan an jima. Na ji bambancin, ko dai na ɗauka na ji. Tambayoyina sun ishe shi, ya ce Masarawa da baki aka haife su, amma duk ya amsa.

An gasa nama a kan garwashin. Da yamma wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya fita waje da ita. Na hango shi ta ƙofa yana nuna wa wayar hayaƙin da ke fita ta taga. Ina jin Rukoz ne. Ban tambaya ba. Wannan karon bakina bai ma yi ƙaiƙayi ba.

Litinin, 3 ga Disamba

Gobe. Tsohuwar kwalbar ta ƙare ranar Asabar, shi ya zuba na ƙarshe ya raba mana uku. Har yanzu bai ce komai ba. Na goge kanta sau ba adadi.

Talata, 4 ga Disamba

Idin Barbara. Yara sun cika titi da fuskokin kwali suna bi gida gida. Na dafa alkama da kirfa da zabibi kamar yadda muke yi, na yayyafa rumman a kai, sai da na gama na tuna. Na bar shi.

La'asar ta yi bai sauko ba. Na zauna a kujerar aski, karo na farko, ina kallon ƙofa ta madubi.

Sai ga motar burodi. Hagob da ɗan ƙanin suka sauko da tulun ƙasa, babba, bakinsa a liƙe. Ammo yana gaba yana ba da umarni. Ya zagaya bayan kanta, wurin da ban taɓa barin kowa ya shiga ba, ya nuna lungun da babu rana ya ce nan. Sai da na kwashe kwalaben lemu.

“Wanda kika ɗebo wa ruwa ne,” ya ce. “Ba a buɗewa, ba a matsar da shi, ba a jijjiga shi. Shekara biyar.”

Na ce Ammo, shekara biyar?

“Idan kina da wurin zuwa ki faɗa yanzu, tun ba su tafi da motar ba.”

Na ce ba ni da wurin zuwa.

Ya zauna ya ci alkamar. Ya tsince rumman ɗin ɗaya bayan ɗaya ya tara a gefen faranti yana kallona, daga baya ya haɗa su ya watsa a baki.

Da zai tafi Hagob ya raɗa min cewa shekara ɗaya ta ishi arak a tulu, duk dutsen nan kowa ya sani.

Alhamis, 6 ga Disamba

Mun sa hannu da safe a wurin lauya. Minti kaɗan, ko gahawa ba a ba mu ba.

Wani ya zo jiya ya nemi Tanyus, wai a hoto ya gani. Na ce babu. Na nuna masa na gasken a teburin taga na ce idan ya zo da la'asar ya kawo zaitun.

Abanub ya kira a kan Kirsimeti, da maganar wani abokinsa da ya yi aure yana neman ɗaki. Na ce ya ba su nawa. Ya ce shekara biyun fa? Na ce ɗaki idan babu mutum a ciki lalacewa yake yi, shi ke nan, kar ya mayar da ita wata magana. Na ce ya aiko min da bargon Mama da hotonta.

Tulun yana tsatsafo kaɗan ta gindi. Ammo ya ce haka sabo yake yi, zai daina. Na sa masa faranti a ƙasa, ina dubawa da safe.